Wannan gefen dutse ko wancan? Zaɓen wurin kafa tanti a ƙasar inabi ta Cape

Wanda ya bar Cape Town ya kama babban titin N1, kafin ya cika awa ɗaya zai wuce garin Paarl, sai ya ga duwatsu sun tare masa gaba kamar ganuwa. A nan titin ke shigewa cikin dutse ta ramin Huguenot, wanda aka buɗe a 1988. Tsawonsa kusan kilomita 4 ne, kuma ana biyan kuɗin wucewa. Duk wanda ya tambaye ni inda zai kai iyalinsa su kwana a tanti a wannan yanki na Afirka ta Kudu, a kan wannan ramin nake rataya amsa: ka ya da zango kafin ka shige shi, ko sai ka ɓulla ta wancan bakin?

Ta nan gefen akwai Stellenbosch da Franschhoek da Paarl da Wellington. Ta can akwai Worcester da Robertson da McGregor da Montagu, har Swellendam ga wanda ya miƙa. Duka ƙasar inabi ce, duka suna da duwatsu da koguna da tsoffin gidaje masu farin fenti. Amma zaman kwana uku a nan da zaman kwana uku a can ba abu ɗaya ba ne, musamman ga irinmu.

Na ce irinmu ne don na san abin da ke ran mai karatu. Mafi yawan inabin da za ka gani a gonakin nan giya ake matsewa da shi, kuma tun 1659 ake wannan sana'a a Cape. Babu gefen da za ka je ka ce ka kuɓuce wa ganinta. Bambancin shi ne yadda take shiga maka ido. A gefen kusa da Cape Town, musamman Franschhoek, kusan duk harkar baƙi a kan ɗanɗanon giya aka gina ta. Har wani ɗan jirgin ƙasa gare su da ke yawo da mutane daga wannan gona zuwa waccan don haka kawai. Wanda ba ya sha zai zaga babban titin garin, ya ga ginin tunawa da Faransawan da suka gudo daga tsanantawar addini suka zauna a kwarin a 1688, ya hau hanyar dutsen da ke bayan gari ya leƙo kwarin daga sama, shi ke nan ya gama kafin la'asar. Garin yana da kyau ƙwarai, amma komai nasa da tsada, kuma yawancin abin da ake biyan tsadar dominsa ba namu ba ne. A wancan gefen kuwa gona gona ce. Za ka ga tarakta da akwatunan 'ya'yan itace da ma'aikata a bayan a-kori-kura fiye da yadda za ka ga masu riƙe da kofin gilashi.

Duk da haka ba zan yarda a raina gefen kusa ba, domin a nan tarihi yake, kuma tarihin da ya taɓa Musulmi kai tsaye.

Stellenbosch na da nisan kilomita 50 ko kusa da haka daga Cape Town. Gwamna Simon van der Stel ya kafa shi a 1679, shi ne gari na biyu a tsufa cikin waɗanda Turawa suka kafa a ƙasar. Ka ajiye mota ka bi titin Dorp da ƙafa a ƙarƙashin manyan itatuwan da aka kawo irinsu daga Turai, ruwa na gudu a lambatun gefen titi. Garin jami'a ne, don haka akwai rai a cikinsa, akwai wuraren cin abinci na masu ƙaramin ƙarfi, akwai kuma tsohon masallaci a tsakiyar gari. Wannan masallacin yana da labari. Unguwar da ke kewaye da shi, Die Vlakte, ta mutanen da gwamnatin wariyar launin fata ta kira masu ruwa biyu ce. A 1964 aka ayyana ta unguwar fararen fata, aka tashi dubban mutane aka watsa su bayan gari. Masallacin ya tsaya a inda yake, jama'arsa suka koma zuwa daga nesa. Idan ka yi Juma'a a ciki ka san inda goshinka ya taɓa.

Kogin da ya ratsa Stellenbosch, wato Eerste, idan ka bi shi zuwa inda ya faɗa teku za ka isa Macassar. A nan hubbaren Shehu Yusuf yake, malamin da Turawan Holan suka kamo daga ƙasar da yanzu ake kira Indunusiya suka kawo shi Cape a 1694, ya rasu a 1699. Musulmin Cape suna ɗaukarsa uban Musulunci a ƙasarsu, kuma duk shekara a hutun Ista iyalai kan je su kafa tantuna kusa da hubbaren su yi kwanaki. Ke nan kwana a tanti ba al'adar Turawa kaɗai ba ce a wannan yanki. 'Yan'uwanmu na can sun daɗe suna yi da tsofaffinsu da jariransu da tukwanensu.

A Paarl kuma, bisa dutsen da ke kallon gari, akwai dogon ginin tunawa da harshen Afirkans da aka buɗe a 1975. Na san wani zai ce me ya haɗa shi da harshen waɗanda suka yi wariya. To, ba su kaɗai ke da harshen ba. A bakin bayi da barori ya nuna, kuma wasu daga cikin rubuce-rubucensa na farko da haruffan Larabci malaman Musulmi suka yi su, kamar dai ajaminmu. Littafin fiƙihu da Abubakar Effendi ya rubuta ta wannan hanya an buga shi a Istanbul a 1877. Bahaushen da ya tashi da allo ba zai ji wannan labari bai ji wani abu a ransa ba. Tsakanin Paarl da Franschhoek akwai gidan yarin da a da ake kira Victor Verster, inda Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairu 1990, ga mutum-mutuminsa nan a bakin ƙofa. Tsakanin Stellenbosch da Franschhoek kuma akwai Pniel, ƙauyen da aka kafa a 1843 don bayin da aka 'yanta. Duk waɗannan wurare ba su wuce tafiyar rabin awa ko minti arba'in tsakaninsu ba. Wancan gefen ba shi da abin da ya kama ƙafar wannan.

Matsalar gefen kusa ita ce tantin kansa. Ba a kafa tanti inda aka ga dama a ƙasar nan. Fili ko dai gonar wani ce mai shinge, ko gandun gwamnati, dole sai a wurin da aka keɓe kuma aka biya. Ƙasa a kewayen Stellenbosch da Franschhoek ta yi tsadar da mai gona zai gwammace ya gina ɗakunan baƙi da ya bar fili wa masu tanti. Wuraren da ke akwai, kamar na bakin kogin Berg, kusancinsu da birni shi ne cutarsu. Ranar Juma'a da yamma mutanen Cape Town za su cika su, tanti na gogar tanti, kiɗa da sha har dare. Wanda ya zo neman shiru zai iya komawa gida da ciwon kai.

Wuri ɗaya nake cirewa daga wannan hukunci, shi ne Tweede Tol. Daga Wellington ake hawa, ta hanyar Bain's Kloof da fursunoni suka sassaƙa a jikin dutse aka buɗe a 1853. Hanyar siririya ce, a wani wurin ma dutse ya rufo ta daga sama kamar rumfa. Sansanin yana cikin gandun Limietberg, a hannun hukumar CapeNature. Ƙorama na gudu a gefensa da tafkuna tsakanin duwatsu, ruwan garau, sanyi kamar ƙanƙara ko da tsakar zafi. Kada ka je da sa ran wutar lantarki ko sabis ɗin waya mai kyau. Tun da wurin ya yi suna, a lokacin zafi sai an kama wuri tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga wanda ke da dare biyu kacal, wannan ne zaɓina a gefen kusa, kuma ya sa tafiyar ta faɗo tsakiyar mako.

Yanzu mu shige ramin. Da ka fito za ka ga ƙasa ta canza. Duwatsun sun tare yawancin ruwan saman da ke zuwa daga teku, don haka nan ya fi bushewa, sama ta fi faɗi, kuma duk koren da ka gani na ban-ruwa ne daga kogin Breede da madatsar Brandvlei. Worcester shi ne babban garin kwarin, yana da masallaci da tsohuwar al'ummar Musulmi, kuma nan ne wuri na ƙarshe da za ka yi cefane hankali kwance. Daga nan ka kama titin R60 zuwa Robertson, kimanin kilomita 160 daga Cape Town, tafiyar awa biyu.

Robertson kansa garin manoma ne mai faffaɗan tituna, ba wani abin kallo mai yawa a cikinsa. Darajarsa kogin ne. Daga nan har Bonnievale gonaki da yawa sun buɗe sansanoni a bakin Breede: ciyawa, inuwa, banɗaki mai ruwan zafi, murhun gashi, wasu har da ƙananan kwale-kwale. Akwai sarari, kana iya samun wurin da maƙwabcinka sai ka ɗaga murya zai ji ka, kuma galibi kuɗin bai kai na gefen kusa ba. Iyalin da ke son matansu su sake, yara su yi guje-guje, a yi jam'i a kan ciyawa ba tare da idon jama'a ba, nan ne wurinsu. Sai dai a kula, Breede kogi ne na gaske. Ruwansa ja-ja ne kamar shayi, ba a ganin ƙasansa, yana da zurfi a wurare da yawa. Yaron da bai iya iyo ba kada a ɗauke ido daga kansa ko na minti ɗaya.

McGregor na da nisan kilomita 20 daga Robertson, a kan titin da ba ya ɓullewa ko'ina. An so a fasa dutse a haɗa shi da garin Greyton, aikin bai kammalu ba, sai garin ya zauna a lungu da ƙananan gidajensa masu rufin ciyawa. Abin da ya rage na haɗin shi ne hanyar ƙafa ta Boesmanskloof, kilomita 14 cikin kwazazzabo, ana karɓar takardar izini kafin a shiga. Ba tafiyar yara ba ce. Garin kuwa awa biyu ta isa a zaga shi, amma irin shirun da ke cikinsa da hantsi ba ka samunsa a gefen kusa ko nawa za ka biya.

Montagu ne ya fi kwanta mini a rai. Daga Robertson ka wuce Ashton, garin masana'antar zuba 'ya'yan itace a gwangwani, sai ka shiga kwazazzabon Cogmanskloof inda jajayen duwatsu suka lanƙwashe kamar an naɗe tabarma. Titin ya bi ta wata 'yar ƙofa da injiniyan hanya Thomas Bain ya huda a jikin dutse a shekarun 1870, a samanta akwai kangon wata 'yar ganuwa da sojojin Ingila suka gina lokacin yaƙinsu da Buwa, wato fararen fata masu harshen Afirkans. Da ka wuce sai gari. An kafa shi a 1851, kuma a nan mutumin da ba ya shan giya yake samun abin saye da ya dace da shi, domin Montagu ya yi suna da busassun 'ya'yan itace: zabibi, ɓaure, da wasu irin na ƙasashen sanyi da ba mu da su a gida, ga gyaɗar Turawa iri-iri. Tsaraba ce mai sauƙin ɗauka wadda ba ta lalacewa. A tsakiyar gari akwai wani ɗan tafki da balbela da sauran tsuntsayen ruwa ke taruwa a itatuwansa da yamma. Akwai sansanoni a cikin gari da gefensa, ana zuwa shago da ƙafa, kuma masu hawan dutse da igiya daga ƙasashe daban-daban sukan sauka a nan. Maɓuɓɓugar ruwan zafin garin, mai zafin digiri 43, tana cikin wani wurin shaƙatawa da ake biya a shiga, maza da mata tafki ɗaya cikin kayan wanka. Iyali su san da haka tun kafin yara su ƙwallafa rai.

Daga Montagu titin R62 ya miƙa cikin busasshiyar ƙasa zuwa Barrydale. Daga can ka karya kudu ta hanyar dutsen Tradouw, ka ratsa ƙauyen Suurbraak, ka sauka Swellendam, inda inabi ke ja da baya, alkama da tumaki su karɓi fili. A bakin garin akwai gandun dajin Bontebok, mafi ƙanƙanta cikin gandayen SANParks, hukumar gandayen daji ta ƙasa, wanda aka kafa a 1931 don ceton wata dabba dangin barewa mai farar fuska da ta kusa ƙarewa. Babu zaki babu giwa, ana yawo da ƙafa, sansanin kuma yana bakin Breede. Na kawo shi ne saboda wani dalili. Yawancin sansanonin gonaki, a kowane gefe, na manoman inabin giya ne. Wanda zuciyarsa ba ta natsu kuɗinsa ya shiga irin wannan gona ba, mafitarsa gandayen gwamnati: Tweede Tol a can baya, Bontebok a nan. Baƙon da ba mazaunin ƙasar ba yana biyan kuɗin shiga fiye da ɗan ƙasa a gandayen SANParks, a sa wannan cikin lissafi.

Wajen abinci gefen kusa ya yi nasara ba gardama. Cape Town da Paarl da Stellenbosch akwai mahautan Musulmi, kuma kaji da naman manyan kantuna da yawa suna ɗauke da hatimin halal na hukumomin Musulmi irin su MJC ko SANHA. Bayan Worcester Musulmi sukan yi ƙaranci. A ƙananan garuruwa sau da yawa masu shago 'yan Somaliya ko Bangaladash ne za su nuna maka inda ake salla. Don haka mai tafiya wancan gefen ya cika kula da nama da ƙanƙara tun daga birni. Abu biyu kada a manta. Tsiren hanjinsu da suke kira boerewors sau da yawa akwai naman alade a ciki, sai an duba hatimi, haka ma a duba na biltong, busasshen namansu mai kama da kilishi. Sannan ragar gashin da ka tarar a murhun sansani ba ka san abin da aka ɗora mata jiya ba, ka zo da taka. Ba ta da tsada, kowane babban kanti na sayarwa. Buta ma ka zo da ita, banɗakunan ba su san da zamanta ba.

Alƙibla a nan ba gabas take ba. Arewa ce, ka ɗan karkata dama kaɗan, kuma rana da tsakar rana ta arewa take bi. Baƙo da yawa ya kan rikice a daren farko. A watan Disamba rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8, alfijir kuma kafin 4, mai azumin nafila ya shirya. Mazaunin Cape Town da ya sauka Stellenbosch ko Paarl bai kai nisan ƙasaru ba, Robertson da Montagu kuwa sun zarce. Yawancin Musulmin Cape Shafi'awa ne, kada ka yi mamakin jin basmala a bayyane.

Lokacin tafiya yana iya juya duk wannan lissafi. A nan damina da sanyi tare suke zuwa, daga Mayu zuwa Agusta, har dusar ƙanƙara kan sauka a kan manyan duwatsu. A wannan lokaci tanti a gefen kusa wahala ce, ruwa na iya kwana uku bai ɗauke ba. Wancan gefen ya fi bushewa, rana na fitowa, amma sanyin darensa ya fi na hunturun Jos, sai da bargo mai kauri. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi ne a duka biyun, Paarl da Worcester da Robertson sukan taɓa digiri 40, ga iskar kudu maso gabas da ke tuge tantin da ba a kafe da kyau ba, ga gobarar daji. Wuta sai a murhun da aka tanada, ranar iska ma akan hana gaba ɗaya. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu da kuma hutun Ista ko'ina a cike yake. Ni Maris da Afrilu na fi so: zafi ya karye, ana ƙarasa girbi, inabin ci ya yi araha a rumfunan bakin titi, ganye ya fara ja. Satumba da Oktoba ma da kyau, ƙasa kore shar. Babu zazzaɓin cizon sauro a yankin. Abin kula shi ne kasa da gamsheƙa a lokacin zafi, da gwaggon biri a wuraren duwatsu irin su Tweede Tol. Ya iya buɗe kula, ya iya zuge zif ɗin tanti, abinci sai a kulle a mota.

Akwai abin da kyan gonakin nan ke ɓoyewa, kuma a wancan gefen ya fi fitowa fili domin ba a yi masa kwalliya ba. Bayi ne suka fara noma waɗannan gonaki har aka soke bauta a 1834. Bayan haka aka daɗe ana biyan ma'aikata wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin da suke kira dop, kuma ko da doka ta hana shi ɓarnarsa tana nan a jikin iyalai har yau. A 2012 ma'aikatan gonakin inabin ci na De Doorns, gaba da Worcester kaɗan, suka yi yajin aiki suna neman rand 150 na kuɗin ƙasar a rana maimakon 69, aka ƙare a 105 a shekarar da ta biyo. Idan ka ga mace da almakashin yankan inabi a bakin titi da asuba, ka gaishe ta. Kada kuma yaro ya miƙa hannu ta shinge ya tsinki ko ƙwaya ɗaya.

To wa zai zaɓi wanne? Wanda ya zo Cape Town na ɗan lokaci, ba shi da mota ko bai saba tuƙi ta hannun hagu ba, ko yana tare da dattijon da ba zai so rasa jam'i ba, ya tsaya gefen kusa. Tasin waya na aiki a Stellenbosch da Paarl, asibiti da masallaci da mahauci duk a kusa. Shi kam ma ina ganin ya kama ɗaki ya yi yawon garuruwan da rana, tantin ya bar shi sai wani zuwan, in ba Tweede Tol ya samu ba. Amma wanda tantin ne ya fito da shi, yana da mota da kwana huɗu ko biyar, ya shige ramin. Mota dole ce a can, mai zai fi ci, amma abin da aka rage a kuɗin sansani yakan rufe giɓin.

Idan ni zan tsara wa iyali mako guda, ranar farko Macassar da Stellenbosch, a yi cefanen nama a Paarl, a kwana biyu a Tweede Tol. Daga nan ba sai an koma ramin ba, hanyar Bain's Kloof da kanta tana sauka cikin kwarin Breede ta wancan gefen. A ƙara ƙanƙara a Worcester, a yi kwana biyu a bakin kogi kusa da Robertson ko Bonnievale tare da leƙa McGregor, kwana ɗaya a Montagu, na ƙarshe a Bontebok. Daga Swellendam titin N2 zai mayar da ku Cape Town cikin awa biyu da rabi zuwa uku. A taso da hantsi don a shiga birni da sauran rana, kuma a shanya tantin ya bushe sarai kafin a naɗe, raɓar bakin kogi tana sa shi fumfuna cikin kwana biyu.